Madaɓina Ya Je Santambul

Tun da na dawo ban samu na ci tuwo da zafinsa ba. Duk wadda ta shigo sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "To Hajiya, ba mu labari." Na ba matan Ƙofar 'Yandaka, na ba dangina na Gobarau, na maimaita har muryata ta dushe. Shi ya sa na ce ma Bilki jikata ta ɗauko biro ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mani magana. Wanda ya zo a miƙa mashi ya karanta, ni in sha furata.

Ni ce Hajiya Yalwa, wadda ake ce ma Yalwa mai daɓe. Yaran yanzu ba su san daɓe ba, bari in faɗa masu. A da in an gama ginin ɗaki, maza sun gama nasu, sai a bar ma mata ƙasan. A zuba tsakuwa a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe, kowace da madaɓinta na itace, ɗaya ta ba da waƙa saura su amsa, hannu ya sauka lokaci guda. Bayan nan a shafe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ƙasa ta yi sulɓi har ka ga fuskarka. Mai ba da waƙar nan a unguwarmu ni ce, tun ina amarya har siminti ya zo ya kashe mana sana'a. Madaɓina kuwa na gada wurin uwata, ya yi baƙi ya yi santsi don shan hannu.

Daminar bara ɗakina ya faɗi. Allah ya tsare ina tsakar gida, na ji azara ta yi ƙara, kafin in juya rufin ya zamna a kan gadona. Aka kwashe ni aka kai ɗakin matar ɗana. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa ɓata mani ba, amma na zama baƙuwa a gidana, in zan yi tari sai na duba ko na tada yara.

Ina da jika namiji da ke aikin injiniya a ƙasar Turkiyya. Sunan marigayi maigidana aka sa mashi, don haka ba ni faɗin sunan, Magaji nake ce mashi. Shi ya kira a waya ya ce, "Amaryata, kada ki damu. Inda nake aiki ɗaki muke ƙerawa. Za mu aiko da ɗakunan wani asibiti Najeriya, zan sa naki a ciki, a kawo maki shi a mota a aje."

Na ce, "A aje? Ɗaki ne ko buhun gero?"

Da labari ya bazu, wata rana a gidan suna, Hajiya Turai aminiyata, babbar 'yar amshina a wurin daɓe, wadda ba ta taɓa barin magana ta wuce ta ba, ta ce a gaban mata, "Yalwa, ashe akwati za a kawo maki daga Turai ki shiga tun da ranki?" Aka kwashe da dariya. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ce, "Wallahi tallahi ba ni kwana a ɗakin da ba a daɓe ba." Kowa ya ji.

Nan na ɗaure kaina. Damina na tafe, ba ni da ɗaki, ga rantsuwa. Liman ya ce ai da sauƙi, in ciyar da miskinai kaffara in shiga ɗakina. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ciyarwar ke damuna ba, dariyar Turai ce." Da Magaji ya gaji da lallashi sai ya ce in zo in gani da idona, in na ƙi ya haƙura. Na ce zan zo, amma da madaɓina.

Ɗana ya kai ni Kano a mota. Mun tsaya Kankiya na sayi gyaɗa, muka wuce Bichi rana na tsaka. Jirgi ba baƙona ba ne, na je Makka, amma a filin jirgin Kano aka fara rigimar madaɓi. Wani mai kaki ya ɗaga shi yana juyawa ya ce, "Baba, wannan kulki ne?" Na ce, "Ɗana, da kulki ne da tuni ka ji shi." Ya yi dariya, amma ya ce ba ya shiga jirgi a hannuna, sai cikin kaya. Na naɗe shi da zane kamar jariri na miƙa.

Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata Bakanuwa, Hajiya Rabi, mai saro dogayen riguna a can. Tana jin na ce "mi ne ne" ta ce, "Bakatsiniya ce wannan, ba sai an tambaya ba." Na ce, "Ke kuma tun da kika zamna kike lissafi da yatsu, ba sai an tambaya ba." Kafin mu sauka Alƙahira mu canza jirgi mun zama kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Ba don ita ba da har yau ina tsaye a bakin iyakar Santambul. Mai duba fasfo, wani jan saurayi a cikin keji na gilashi, ya yi tambaya, Hajiya Rabi ta juya mani: wurin wa na zo? Na ce jikana. Ya ce sunansa? Na kau da kai. Ya sake tambaya. Na ce, "Ki faɗa mashi sunan mijina gare shi." Ya ce to mi ne ne sunan mijin? Na ce, "Yau ga ɗan nema! Shekara nawa muna tare da Malam ban faɗa ba, sai yau a gaban ƙato?" Layi ya taru a bayana. Hajiya Rabi na dariya har da hawaye, ta laluba jakata ta zaro takardar da Magaji ya aiko ta miƙa. Da ta yi mashi bayani, sai yaron ya dafa ƙirjinsa ya sunkuyar da kai, ya buga hatimi. Gaba kaɗan aka buɗe kayana, daddawa ta yi sallama, wata ma'aikaciya ta ja da baya tana toshe hanci. Daddawa dai ba ta shiga ƙasar ba. Madaɓi ya shiga, don Hajiya Rabi ta ce masu abin tausa ne.

Magaji na jira a waje, ya yi ƙiba ya yi gemu. Ya ce, "Amarya, kin tsufa." Na ce, "Kai kuma ka yi tumbi, an rasa mai so sai ni."

Gidansa can sama yake, sai an shiga wani ɗan ɗaki na ƙarfe ya hau da mutum. Ƙofa na rufewa ya ce, "To, ga shi kin shiga akwati da ranki." Na ce, "Na ce ba ni kwana, ban ce ba ni tsayuwa ba."

Mutanen nan Musulmi ne, kiran salla ta ko'ina, kuma sun san girman tsoho. Maƙwabciyarsa ta shigo gaishe ni, ta kama hannuna ta sumbata ta ɗora a goshinta, 'ya'yanta ma haka. Na ce ma Magaji ya duba ya koya. Sai dai gaisuwarsu gajera ce, ba a tambayar gajiya, ba a tambayar mutan gida, kafin ka gyara murya an gama. Shayi kuwa a 'yan kofuna masu ƙugu kamar na budurwa, ba madara, ana sha daga safe har yamma. Da safe burodi da zaitun da cuku. Suna da nono mai kyau, amma gishiri suke zuba mashi. Na kurɓa na ce, "Wa ya yi ma nonon nan mugunta?" Kyanwoyi kuma su ne masu garin, har a ƙofar masallaci suna kwance ba mai cewa kyat.

Ranar da za mu wurin aikin na ɗaura madaɓi a cikin gyale. Muka fita bayan gari, muka iso wata rumfa ta ƙarfe. Jama'a, na ga Harami, don haka ba ni cewa ban taɓa ganin babban gini ba, amma rumfar aiki irin wannan ban taɓa gani ba. Kasuwa guda za ta shige ciki har da 'yan tebur. Aka kifa mani hular kwano a kan ɗankwali, aka sa mani riga mai ƙyalli. Magaji ya ɗauki hoto, na ce in ya kai ma Turai sai na tsine mashi.

Abin da na fara lura, ba yashi. Ku da kuka san gini a garinmu, kun san tun kafin a haƙa tushe an jibge yashi ya toshe lungu, awaki su hau, yara su kwashe, siminti ya sha ruwa ya daskare, magini ya tafi biki ya bar ka da rabin bango har ciyawa ta fito. Nan ƙasa fes, kamar an share don baƙi. Na ce, "Ina kayan ginin?" Magaji ya ce ba a tarawa. Abin da za a yi aiki da shi yanzu shi ake kawowa yanzu, daidai yawansa. Ina tsaye kuwa sai ga wata 'yar mota ta kawo tagogi, ba ta gama juyawa ba an ɗauke su an kafa.

Sai na ga abin da ya sa na kama hannun Magaji. Ɗakuna ne ke tafiya. Wallahi tafiya suke, a jere a kan dogo irin na jirgin ƙasa, magina kuma suna tsaye wuri ɗaya. Mu a wurinmu ɗaki ke tsaye magini ya zo ya tafi, su kuwa magini ke tsaye ɗaki ya zo ya same shi. A farkon layi ƙashi ne kawai na ƙarfe. Ya matsa gaba a sa mashi bango. Ya matsa a zura wayar wuta da bututun ruwa. Ya matsa a sa ƙofa, a shimfiɗa tayil, a yi fenti. Can ƙarshe ya fito da ƙwan lantarki da famfo, har da ƙugiyar rataye kaya, a naɗe shi da leda kamar kayan lefe. Na yi ta salati. Na ce ashe zan rayu in ga ana haihuwar ɗaki.

Duk awonsu ɗaya, kamar mudun kasuwa. Magaji ya ce da gangan ne: a haɗa biyu su zama falo, a jera su zama makaranta, a ɗora wani kan wani su zama bene, kowane ya san inda zai kama ɗan'uwansa. Kowane ma'aikaci da allonsa, an zana siffar kowace guduma da kowane almakashi, in ka ɗauka gurbin na kallonka har ka mayar. Ba mai cewa wa ya ga awartakina. Ba mai gudu, ba kuma mai zama. Ƙararrawa na bugawa, duk ɗakunan su matsa tare. Na tsaya ina kallo, sai na ji ƙafata na bin bugun. Na ce, "Magaji, ai waɗannan daɓe suke yi. Hannu ɗaya suke sauka, mai ba da waƙa ce kawai babu."

Ya gabatar da ni ga shugaban maginan, wani dattijo mai farin gashin baki da suke ce ma Usta, wato kamar sarkin magina. Shi ma ya sumbaci hannuna. Shi ya nuna mani wata igiya ja da ke rataye a kowane wurin aiki. Magaji ya juya mani maganarsa: duk wanda ya ga abin da ba daidai ba, ko mai shara ne, ya ja igiyar nan, aiki duka ya tsaya har a gyara. Ba a miƙa ma na gaba aibi. Na ce, "Ko yaron magini?" Ya ce ko shi. Na ce, "A garinmu yaron magini ya ce bango ya karkace, ai sai dai ya sha mari." Usta ya yi dariya ya ce su ma da can haka ne.

Muka iso wurin masu tayil, Magaji ya nuna wani ɗaki ya ce, "Ga naki." Na leƙa. Fari tas, taga biyu, ga makewayi a ciki an juya shi yadda ba zai fuskanci alƙibla ba in an aje, Magaji ya tuna da wannan. Na so ɗakin nan, ba ni ɓoyewa. Zuciyata ta ce, Yalwa, ga inda za ki miƙe ƙafa ba ki tada kowa ba. Sai kuma na ji muryar Turai. Samari uku na durƙushe a ciki suna shimfiɗa layin ƙarshe, suna bubbuga tayil da 'yan gudumomi na roba. Na ga sun kusa gamawa, na san ƙararrawa na bugawa ɗakin zai wuce, ya tafi Katsina ba a daɓe ba.

Igiya na kusa da kafaɗata. Na ce bismillahi na ja.

Wata fitila ta kama walƙiya, wani kiɗa ya tashi, sai komai ya tsaya cik. Dogo ya tsaya, injuna suka yi shiru, rumfar nan duka har kana jin takun mutum. Magaji ya dafe hular kwanonsa ya ce, "Innalillahi! Hajiya, kin kore ni daga aiki." Ranar ce kaɗai ya ce mani Hajiya.

Usta ya taho ba sauri ba fushi. Ya tsaya gabana ya tambaya, Magaji na juyawa. Mi ya faru? Na ce ba a gama ƙasan ɗakin nan ba. Ya shiga ya duba, ya ɗora ma'auni, ya ce lafiya lau yake, mi ya sa na ce haka? Na ce ba a daɓe ba. Mi ya sa sai an daɓe? Na ce na rantse. Mi ya sa na rantse? Na ce saboda Turai. Ya ce wace ce Turai? Na kwance gyale na fito da madaɓi, na ba shi labari tun daga uwata. Ashe al'adarsu ce, in aiki ya tsaya sai an bi tambaya har gindinta. Ya karɓi madaɓin ya shafa, ya daɗe yana kallon inda hannu ya cinye itacen. Ya ce kakarsa a ƙauye da wani dutse take murje rufin ƙasa bayan ruwa. Sannan ya ce, ɗakin na mai ɗaki ne, in ta ce bai gamu ba, bai gamu ba. Ya ce a ba ni wuri, amma in taƙaita, ɗakunan asibiti na jira a baya.

Na cire takalmi na shiga na durƙusa, gwiwar da ta daɗe ba ta lanƙwasu ba ta lanƙwasu. Aka kira wasu mata biyu daga wurin fenti, don na ce daɓe ba mata ba daɓe ba ne, aka ba su gudumar roba. Na ɗaga murya na ba da waƙa, irin wadda muke yi ma ɗakin amarya. Ba su jin ko kalma, amma kafin in zagayo sun kama bugun. Ni da itace, su da roba, hannu na sauka tare. Na waje suka kama tafi. Usta na buga ƙafa. Na rufe ido na ga uwata, na ga matan unguwarmu da suka riga mu, na manta inda nake, na ɗaga madaɓi na sauke shi da ƙarfin da nake saukewa a kan tsakuwa.

Ƙas! Tayil ɗaya ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa.

Waƙa ta mutu a bakina. Ɗaya daga samarin ya miƙe zai ɗauko ƙarfen ɓanɓarewa, don dokarsu ce, abin da ya fashe ba ya wucewa gaba. Na zamna daram a kan tayil ɗin na ce sai dai a ɓanɓare da ni. Magaji ya ce, "Don Allah ki tashi, minti kaɗan ne a sa sabo." Na ce, "In an sa sabo, da mi zan nuna ma Turai?" Ya juya ma Usta, ina jin sunan Turai na yawo cikin yarensu. Usta ya kama gashin bakinsa yana tunani. Can ya ce aibi shi ne abin da mai ɗaki ba ta so. Wannan tana so, don haka ba aibi ba ne, sai dai ba ya yarda ya yanki ƙafar tsohuwa. Ya durƙusa da kansa ya cike tsagar da wani farin ƙullu, ya shafe da yatsa har ta yi sumul. Sannan ya miƙa mani hannu na tashi, ya nuna mani maɓallin da ake dannawa. Ni na tsayar da aikin, ni na tada shi. Ɗakina ya matsa gaba ina kallo.

Ba a kori Magaji ba. Sai dai ya ce har na taho, in an ja igiya a rumfar, sai wani ya ce Turai ce.

Na riga ɗakin isowa gida. Shi ta ruwa ya biyo zuwa Legas, tirela ta ɗauko shi. Kafin nan an share kangon an zuba mashi wurin zama. Ranar da ya iso, unguwa ta fito kaf. Lungunmu bai ɗaukar tirela, sai wata mota mai dogon wuya ta tsaya a bakin titi ta kama shi da ƙugiya, ta ɗaga shi sama da katangar gidanmu. Ɗaki na lilo a sararin Allah, tsofaffi na salati, yara na ihu. Aka sauke shi a hankali daidai inda na da yake. Kafin la'asar an haɗa wuta da ruwa, na murɗa famfo ya zubo.

Turai ta zo da gyalenta a kafaɗa, ta tsaya bakin ƙofa tana leƙe. Ta ce, "To Yalwa, akwati ya yi kyau. Yaushe za a dafa abincin kaffara? A sa mani nama."

Na ce, "Cire takalmi ki shigo."

Na ɗage dardumar salla na nuna mata tsagar, na ɗauko madaɓi na ɗora bakinsa a kai, ya zamna daidai. Bilki ta kunna mata bidiyon da Magaji ya aiko a waya, ga ni durƙushe da hular kwano, ga jajayen mata na amsa mani da guduma. Turai ta kalla har ƙarshe. Ta durƙusa da kyar ta shafa tayil ɗin da tafin hannu, yadda muke shafa sabon daɓe mu ji ko ya kwanta. Da ta ɗago idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Amshin nan nawa ne, Yalwa. Kika je kika ba wasu."

Na miƙa mata madaɓin na ce, "Ga sauran ɗaki nan. Amma a hankali, ƙasan nan ba ta son ƙarfi."